Furobayotik zai iya kashe ƙwayar olsa? Amsa ga wata malamar makaranta

"Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 38, ina koyarwa a firamare. Kusan shekara uku ke nan ina fama da olsa: zafin ƙirji, kumburin ciki da yawan gyatsa, musamman in na daɗe ban ci abinci ba. Bara aka yi mini gwajin jini aka ce ina da H. pylori, aka ba ni haɗin magani na kwana bakwai. A kwana na huɗu gudawa da ɗacin baki suka sa na daina. Watan jiya na sake gwajin jinin, wai har yanzu tana nan. Wata ƙawata mai sayar da kayan gyaran jiki a WhatsApp ta ce ƙwayoyin cikina masu amfani ne suka ƙare, in sayi furobayotik a wurinta in sha wata uku, zai kore ta ba sai na ƙara shan antibayotik ba. Kuɗin da yawa. Gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, kindirmo ba zai wadatar ba?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Abu uku kika haɗa a tambayar nan: ko ƙwayar tana nan har yanzu, ko furobayotik zai iya fitar da ita, da kuma ko akwai gaskiya a zancen ƙarewar ƙwayoyin ciki masu amfani. Ga gajeruwar amsa tukuna, don kada ki tura kuɗin kafin ki gama karantawa: furobayotik, wato ƙwayoyi masu rai masu amfani da ake sha, shi kaɗai ba ya kawar da H. pylori, ƙwayar da ke kawo olsa, ko wata uku kika yi kina sha ko shekara. Yana da ɗan amfaninsa, amma ba a inda ƙawarki ta ajiye shi ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki ma shi ne gwajin jinin nan na biyu, kuma zan zo kansa.

Ƙwayar da ta koyi zama cikin asid

Tumbin mutum yana zubo da asid mai kaifi ƙwarai, wanda ke narkar da abinci ya kuma hallaka yawancin ƙwayoyin da muke haɗiyewa. Saboda haka likitoci suka daɗe suna koyar da cewa babu bakteriyar da za ta iya zama a wurin, kuma damuwa da yaji da yawan asid su ne ke kawo gyambon ciki. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka reni wata murɗaɗɗiyar ƙwaya da suka samo daga tumbin marasa lafiya. Manyan likitoci ba su yarda da su ba, har a 1984 Marshall ya kurɓe ruwan ƙwayar da kansa. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, da aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel.

Dabarar ƙwayar ita ce abin da nake so ki riƙe. Tana da 'yan jeloli da take iyo da su, ta kutsa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, ta lafe a ƙarƙashinsa inda asid ba ya kaiwa sosai. Sannan tana fitar da wani sinadari da ke fasa yuriya ya zama amoniya, shi kuma ya kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Kamar mai tafiya cikin rana ne da laimarsa. In ta samu wurin zama, sai ta shekara hamsin ba ta gusa ba. Furobayotik kuwa baƙo ne mai wucewa: asid ya kashe wasu, sauran su gangara hanji cikin sa'o'i kaɗan. Mai wucewa ta ƙofar gida ba ya tayar da wanda ya shige ƙuryar ɗaki ya kulle.

Yawanci tun ana yara ake ɗaukar ta, ta yawu, ko amai, ko ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Cunkoso a ɗaki da ƙarancin ruwa mai tsabta suna taimaka mata, haka ma tauna wa jariri abinci. A ƙasarmu ta zama ruwan dare. Wani bincike da likita Holcombe da abokan aikinsa suka yi a yankin Maiduguri, aka buga a 1992, ya samu alamarta a jinin fiye da mutum takwas cikin goma, har da ƙananan yara. Amma mafi yawan masu ɗauke da ita ba su san ma tana nan ba. Kusan ɗaya zuwa biyu cikin goma ne ke samun gyambo na gaskiya, kaɗan ƙwarai kuma ta kai su ga kansar tumbi, wanda shi ya sa hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin masu haddasa kansa tun 1994.

Gwajin jini ba ya gaya miki ko ta tafi

Abin da gwajin jini ke nema shi ne garkuwar da jiki ya ƙera a kan ƙwayar, wato sawunta. Sawun nan yana iya zama a jini wata da watanni, wani lokaci shekaru, bayan ƙwayar ta mutu. Ki duba da kyau: a garin da takwas cikin goma ke da wannan sawun, in na tsayar da mutane a bakin kasuwa na ɗebi jininsu, yawancinsu za a ce suna da ita, alhali lafiyarsu ƙalau. Na sha ganin mai ciwon ciki ya zo da takardu uku huɗu na gwajin jini, kowace ta ja masa sabon haɗin antibayotik, shi kuwa ƙwayar tun zagaye na farko ta tafi. An bar jaki ana dukan taiki.

Gwajin da ke nuna ƙwayar tana raye iri uku ne. Akwai na bahaya, wanda ke neman ɓurɓushin jikin ƙwayar kanta, shi ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi a wurinmu. Akwai na numfashi, inda za ki sha wani ruwa ki hura cikin jaka. Akwai kuma ɗan tsokar da ake tsinkowa lokacin da aka zura kyamara ta baki aka leƙa tumbi. Dukansu suna da sharaɗi da mutane ke yawan karyawa: sai an yi mako biyu ba a sha omeprazole da danginsa na magungunan rage asid ba, mako huɗu kuma ba a sha antibayotik ko maganin ciki na bismuth ba. In ba haka ba, ƙwayar ta yi lamo, gwaji ya ce babu ita alhali tana nan.

A naki lamarin, tunda kwana huɗu kawai kika yi, na fi zaton tana nan. Amma zato ba ya isa a ɗora miki mako biyu na magani mai nauyi. Ki yi gwajin bahaya.

Me ya sa zagayen farko ya gaza

Kwana bakwai ya yi kaɗan tun asali. Abin da ƙungiyoyin likitocin ciki ke cewa yanzu shi ne kwana 14. Ga kuma matsalar turjiya. Haɗin da aka fi sayarwa a kemis yana ɗauke da maganin rage asid, da clarithromycin, da amoxicillin ko wani ɗan'uwan Flagyl. Clarithromycin ya fara rasa ƙarfi a kan ƙwayar a ƙasashe da yawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori mai turje masa cikin jerin ƙwayoyin da ake neman sabon magani a kansu a 2017. Flagyl kuwa kin san yadda muke shan sa: ciki ya ɗan juya, a aiki yaro ya sayo biyu. Wannan ɗabi'ar ta horar da ƙwayoyin cikinmu sun saba da shi. Katse magani a tsakiya irin yadda kika yi yana kashe raunana ya bar masu taurin kai. Ba zarginki nake yi ba. Wanda ya ba ki maganin ne ya kamata ya gaya miki cewa ɗacin baki kamar kin tsotsi ƙarfe da ɗan sakin ciki abu ne da aka saba gani, kuma in sun yi yawa ki dawo a duba, kada ki ajiye shi da kanki.

Doka a zagaye na biyu ita ce kada a maimaita clarithromycin. Abin da na fi zaɓa in ana samu shi ne haɗin guda huɗu: maganin rage asid sau biyu a rana kafin abinci, da bismuth, da tetracycline, da metronidazole (wato Flagyl), har kwana 14. Ƙwayoyin maganin suna da yawa, ana sha sau uku zuwa huɗu a yini, kuma bismuth yana baƙanta bahaya da harshe, abin da ke tsorata mutane in ba a faɗa musu ba. Inda bismuth ya yi wuya, akan koma haɗin da ke da levofloxacin. Ba na rubuta miki awo a nan da gangan, domin a shekarunki sai an tambaya ko akwai juna biyu ko shayarwa, tunda tetracycline ba ya haɗuwa da ciki, sai an kuma san ko jikinki na ƙin penisilin.

Zancen "ƙwayoyin ciki sun ƙare"

Ƙawarki ba ƙirƙirar zancen ta yi gaba ɗaya ba, wata gaskiya ce aka ja ta har ta wuce iyakarta. Jikin babban mutum yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Suna narkar da harzar abincin da mu ba ma iya narkarwa, suna samar da wasu bitamin, suna tare wa miyagun ƙwayoyi wuri. Tumbi kuwa, in aka gwada shi da babban hanji, kamar ƙauye ne kusa da Kano. Mazaunansa kaɗan ne, yawancinsu 'yan baki da maƙogwaro ne da suka biyo yawu. In H. pylori ta kafu, ita ke mamaye wurin, sauran su ragu. In kuma ta daɗe har bangon tumbi ya sirance ya rage fitar da asid, ko mutum ya shekara yana shan omeprazole ba dalili, sai ƙwayoyin baki su samu ƙofa su yawaita. Masu bincike suna bin wannan sosai don ganin ko yana da hannu wajen kansar tumbi.

To, rikicewar ƙwayoyin tumbi akwai ta. Sai dai a mafi yawan lokuta sakamako ce, tushen shi ne H. pylori ɗin ko maganin asid da aka ɗauka kamar goro. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma babu wani gwajin asibiti na yau da kullum da zai auna cikinki ya ce ga adadin da ya rage, balle a gane hakan daga saƙon waya. Antibayotik yana girgiza ƙwayoyin hanji, gaskiya ne, gudawar da kika yi ma daga nan take. Amma a mai lafiya yawancinsu suna farfaɗowa da kansu cikin makonni zuwa 'yan watanni. Wani abin mamaki ma, masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun ruwaito a 2018 cewa mutanen da aka ba wani haɗin furobayotik bayan antibayotik sun fi jinkirin dawo da ƙwayoyinsu na asali a kan waɗanda aka ƙyale. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, ba na ɗaukar sa a matsayin hukunci, amma ya isa ya sa mutum ya rage ɗoki.

Inda furobayotik ke da amfani

Ma'anar kalmar, kamar yadda masana na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar a 2001, ita ce ƙwayoyi masu rai waɗanda in an sha su da isasshen yawa suke amfanar lafiya. Tunanin ya girmi haka. Tun farkon ƙarni na 20 Elie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur a Faris yake danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da madara mai tsami da suke sha. Abin da 'yan talla ba sa faɗa shi ne furobayotik ba abu ɗaya ba ne. Kowane iri da aikinsa, abin da aka tabbatar a kan wani bai shafi wani ba, kamar yadda ba za ki ce "ƙwaya" tana maganin zazzaɓi ba tare da faɗin wace ƙwaya ba.

A batun H. pylori, abin da gwaje-gwaje da dama suka nuna shi ne in an haɗa wasu nau'o'i da antibayotik, gudawa da tashin zuciya suna raguwa, yawan waɗanda ke warkewa kuma ya ɗan ƙaru kaɗan. Ni a ganina rabin wannan ƙarin daga abu ɗaya yake fitowa: wanda maganin bai wahalar da shi ba shi ne ke kai kwana 14. Kin ga ke nan daidai matsalarki ce. Wanda aka fi gwadawa shi ne Saccharomyces boulardii, wanda Bafaranshe Henri Boulard ya samo a 1923 daga ɓawon 'ya'yan itatuwa a yankin Indocina. Shi yis ne, don haka antibayotik ba ya taɓa shi, ana iya shan su tare. Akwai kuma wasu nau'o'in Lactobacillus, su kuma a bar tazarar sa'a biyu tsakaninsu da antibayotik. In an ba su su kaɗai, suna iya rage yawan ƙwayar na ɗan lokaci, da an daina ta dawo. Manyan ƙungiyoyin likitocin ciki ma ba su haɗu a kan a ba kowa ba, wasu na cewa hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

Yadda nake yi a ɗakin duba marasa lafiya: ba na rubuta wa kowa. Ina rubuta wa wanda ya taɓa katse magani saboda gudawa, tsawon kwanakin maganin kawai ko da ƙarin mako ɗaya. In kuɗi ya gaza, antibayotik na gaske ne farko. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta kashe kuɗin da zai ishe ta gwaji da cikakken magani a kan robobi uku na irin kayan nan, ta zo mini bayan wata huɗu jininta ya yi ƙasa saboda gyambon yana ɗiga a hankali.

In za ki saya, ki saya a babban kantin magani, mai lambar NAFDAC, wanda aka rubuta cikakken sunan ƙwayar da adadinta da ranar lalacewa. Ki tuna abu mai rai ne. Wanda ya kwana a bayan mota ko ya yi wata a shagon kwano cikin zafin Afrilu, wataƙila gawa kika saya. Kuma ba kowa yake yi wa daɗi ba: mai raunin garkuwar jiki sosai, da wanda ke kwance rai a hannun Allah da robar jijiya a wuya, da bakwaini, ƙwayar na iya shiga jininsu. A Holan an buga wani gwaji a 2008 inda masu tsananin kumburin gaɓar ciki mai fitar da insulin (pancreas) da aka ba furobayotik suka fi mutuwa a kan waɗanda ba a ba ba.

Kindirmo fa?

Kindirmo abinci ne mai kyau, kuma bakteriya masu tsamar da madara, dangin waɗanda ake sawa a kwalba, su ne ke yin sa. In an tafasa madarar kafin a zuba mata iri, aka kuma kiyaye tsabtar ƙwarya da ruwa, ki sha abinki. Nonon da ba a tafasa ba ko aka sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba yana iya kawo tarin fuka na shanu da zazzaɓin burusela da gudawa. Koko da kunu ana dama su da tafasasshen ruwa, yawancin ƙwayoyin tsamin ba sa kai labari. Yogot ɗin shago da yawa sukari ne da ƙamshi, wasu ma an sake dafa su bayan sun yi tsami don su daɗe. Ko mafi kyawun kindirmo ba zai fitar da H. pylori ba, kuma babu wanda ya san adadin ƙwayoyin da ke cikin ludayi ɗaya.

Ga wani tarko da ya shafe ki kai tsaye: madara da nono da kindirmo suna ɗaure tetracycline a ciki su hana shi shiga jini, levofloxacin ma gara a raba shi da su. Haka farin ruwan maganin olsa da kanwa da ƙwayar ƙarin jini. In an ɗora ki a kan ɗayansu, ki bar tazarar sa'a biyu zuwa uku. Na ga haɗi mai kyau ya lalace saboda mai shi da fura da nono yake haɗiye ƙwayoyin maganin kullum. Don ciyar da ƙwayoyin hanjinki kuwa, wake da gero da dawa da ba a surfe su tas ba, zogale, kuka, rama da kuɓewa sun fi kowace roba arha.

Abin da zan so ki yi

Ki dakatar da omeprazole mako biyu in kina sha, ki yi gwajin bahaya. In ya nuna tana nan, ki je wa likita da kwalin maganin bara ko sunansa, ya zaɓa miki wani haɗi dabam na kwana 14, ki gaya masa abin da ya sa kika daina don ya ga ko zai haɗa miki da furobayotik. Ki zaɓi makonni biyun da ba na jarrabawa ba kuma ba na azumi ba. Bayan kin gama da aƙalla mako huɗu, ki sake gwajin bahaya ko na numfashi. Jin sauƙi ba shaida ba ce.

Ki kuma bincika jakarki. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam, asfirin da haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, su ne na biyu wajen kawo gyambon ciki, kuma in suka haɗu da H. pylori haɗarin zubar jini yana ƙaruwa sosai.

Daga nesa ba zan iya cewa gyambo gare ki ba. Kalmar olsa a bakinmu ta haɗe ƙwannafi, da kumburin bangon tumbi, da tsakuwar matsarmama, da ciwon cikin da ake leƙawa a tarar ba komai. Zafin ƙirji da gyatsar da kika ambata sun fi kama da asid mai hawowa maƙogwaro, shi kuma kashe ƙwayar ba lallai ya kawar da shi ba. Yana iya buƙatar rage cin dare, barin kwanciya da cikakken ciki, da rage ƙiba in akwai. Amma in kika ga baƙin bahaya mai kama da kwalta alhali ba kya shan bismuth ko maganin ƙarin jini, ko amai da jini, ko abinci yana tsaya miki, ko kina ramewa ba dalili, ko an ce jininki ya yi ƙasa, ko akwai wanda ya yi kansar tumbi cikin iyaye da 'yan'uwanki na jini, to ki bar zancen gwajin bahaya da mako biyun nan, ki nemi asibitin da ake leƙa tumbi da kyamara a cikin makon.